Daga Habana zuwa Matansas: yadda ake ɗora jiki a kan kiɗan rumba

Wanda ya sauka Habana, babban birnin Kyuba, da niyyar koyon rumba, zai tarar malaman ba sa gaggawar koya masa taku. Ajin da na shiga yana unguwar Kayo Weso, a falon wani tsohon gida mai dogon rufi, tagogi a wangale saboda zafi. Makaɗa uku suna zaune da gangunansu tsakanin cinyoyi, amma da fari ba su taɓa fata ba. Tsayuwa aka sa mu, malamar tana zagayawa tana danna kafaɗar wannan, tana tura gwiwar wancan.

Rumbar da nake magana a kai daban take da wadda Turawa ke gasa da ita cikin kwat da doguwar riga, daban kuma da ta Kwango da muka saba ji a rediyo, wadda ta samo tushe daga wani kiɗan Kyuba da ake kira son. Wannan ganga ce da sanduna da murya, babu jita babu ƙaho. Ta taso ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, a tsakar gidajen haya na talakawa da tashoshin jiragen ruwa na Habana da Matansas, a hannun baƙaƙen fata, 'yan dako da masu aikin rake, a ƙasar da ba a soke bauta ba sai 1886. Kiɗan nishaɗi ne, ba na bauta ba. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Kashi uku ce: yambu, gwagwanko da kolumbiya, kuma duka ukun a kan tsayuwa ɗaya aka gina su.

Ga yadda tsayuwar take. Ƙafafu a ware daidai faɗin ƙugu, yatsu suna kallon gaba, tafin ƙafa duka a ƙasa. Sai a sassauta gwiwa har idan ka leƙa ƙasa ƙoƙon gwiwa ya kusa rufe maka yatsu. Daga nan a ranƙwafo da gangar jiki gaba kaɗan, kamar digiri 20 zuwa 30, amma lanƙwasar daga gaɓar da cinya ta haɗu da ƙugu za ta fito. Gadon baya yana nan a miƙe tun daga ƙeya har ƙashin wutsiya. Nauyi ya ɗan fi karkata zuwa gaban tafin ƙafa, dunduniya tana taɓa ƙasa ba tare da an jingina a kanta ba. Gwiwar hannu a ɗage daga haƙarƙari kamar faɗin tafi, hannuwa a gaba wajen tsayin cibiya, yatsu a sake.

Malamar tana gwada kowa da bango. Ka ba bango baya, tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da dunduniya, ka tura mazaunai baya har su taɓa shi, gwiwa a sassauce. In sun taɓa kuma bayanka bai yi doro ba, lanƙwasar ta fito daga inda ya kamata. Yawancin sababbin ɗalibai daga tsakiyar baya suke sunkuyawa. Illar hakan biyu ce: kwankwaso ya ɗauki nauyin da cinya ya kamata ta ɗauka, ciwo ya biyo baya da dare, sannan haƙarƙari ya matse a kan ciki, ƙirji ya kasa motsi. Wasu kuma garin gudun doro sai su wuce gona da iri, su turo mazaunai su banƙare, ƙasan baya ya lotsa. Maganin wannan shi ne a ɗan ja mara ciki, ba da ƙarfi ba, gwargwadon yadda za ka iya magana da numfashi ba wahala.

Gwiwa ma tana da nata laifin. Idan cinya ta gaji, gwiwa takan faɗa ciki, ta kalli 'yar'uwarta. Dole ta bi saitin yatsan da ke kusa da babban yatsa, in ba haka ba gefen gwiwa na ciki ne zai biya bashin. Sai kallon ƙafa. Kan mutum ya kai wajen kilo 5, kuma da zarar ya sunkuyar da shi don duba takunsa, wuya ya ja kafaɗu gaba, tsayuwar ta rushe daga sama. Ido a kan abokin rawa yake, ko a kan makaɗi.

Bayan tsayuwa sai lilon gwiwa, wanda shi ne injin rawar gaba ɗaya. Gwiwa tana ɗan nutsewa tana dawowa a kan kowane bugu, santimita 2 ko 3 kacal, ba ta taɓa miƙewa sarai. Ƙarfin yana tafiya ƙasa ne. Wanda ya mayar da shi sama sai ka ga kansa yana tsalle-tsalle, rawar ta yi sama-sama ba nauyi. Duk wanda ya taɓa lura da mai daka ya san abin: ba da hannu kaɗai take ɗaga taɓarya ba, gwiwa ce ke nutsewa, motsin ya bi ta baya ya fito a kafaɗa. Haka lilon nan yake hawa daga ƙasa ya kaɗa ƙugu, ya kaɗa ƙirji, ya ƙare a hannu. Minti biyar na lilo zalla, ba taku, sun isa su sa cinya ta ɗauki zafi, kuma da shi ake buɗe kowane darasi.

Sai da wannan ya zauna aka shigo da kilabe, sanduna biyu na katako mai tauri da ake buga ɗaya a kan ɗaya. Bugu biyar suke yi suna maimaitawa, kowa kuma, mawaƙi da makaɗi da mai rawa, a kansu yake rataye. In ka ƙidaya takwas, bugu na farko yana kan 1, na biyu tsakanin 2 da 3, na uku tsakanin 4 da 5, sauran biyun a kan 6 da 7. A kiɗan son na ukun yana faɗawa a kan 4 daidai. A rumba an jinkirta shi da rabin ƙidaya, kuma wannan ɗan jinkirin shi ne ke kayar da baƙo.

Dalili kuwa, takun tushe na gwagwanko yana kan 1, 3, 5 da 7. A kan 1 ƙafar dama ta fita gefe kamar taƙi ɗaya, a kan 3 ta dawo ta karɓi nauyi, a kan 5 ta hagu ta fita, a kan 7 ta dawo. Ke nan wuri biyu kawai ƙafa da sanduna suke haɗuwa, a 1 da 7. Kunnen da bai saba ba yana jin bugu na uku sai ya aika ƙafar hagu, ta sauka kafin lokacinta, daga nan duk zagayen ya karkace. Hanyar da ake bi a gyara ita ce a raba aiki: ƙafa tana taku, hannu yana tafa kilabe, a hankali ƙwarai, har su daina jan juna. Kwanakin farko abin yana ba da dariya, aji guda kowa yana tuntuɓe da tafinsa. Ban ga wata gajeriyar hanya ba, kuma ba na jin akwai.

Ƙafar da ta fita gefe ba ta ɗaukar nauyi duka. Wajen kashi ɗaya cikin uku take karɓa, ragowar yana kan ƙafar da ke tsaye. Wanda ya zuba mata nauyi gaba ɗaya sai ya yi ta fama kafin ya dawo da ita a kan 3, ya makara. Babban taku ma haka yake jawowa. Idan kiɗa ya ƙara sauri, taku ƙanƙancewa yake yi, gwiwa kuma ta ƙara sauka.

Hannuwa ba su da tasu rawar daban. Idan ƙafa ta fita, gwiwoyin hannu su buɗe. Idan ta dawo, su rufo. Amma buɗewar daga allon kafaɗa take tashi: ƙirji ya ɗan fito, allunan biyu su matso juna, hannu ya bi. A dawowa ƙirji ya koma, baya ya faɗaɗa. Wanda ya motsa hannu kawai ya bar gangar jiki a sandare, daga nesa ake gane shi. Shi ya sa ake ware lokaci don haƙarƙari kaɗai: hannu a ƙugu don ya riƙe shi kada ya motsa, a tura ƙirji dama da hagu sau 16, gaba da baya sau 16, sannan a haɗa kusurwoyin huɗu a yi da'ira. Da fari motsin bai fi faɗin yatsa biyu ba, kuma hakan ya wadatar. Karkaɗa kafaɗa kuwa gaba da baya ake yi, ɗaya na zuwa ɗaya na komawa. Mai ɗaga su sama wuyansa zai ƙage cikin daƙiƙa kaɗan. A fara da ɗaya a kan kowace ƙidaya, a ninka, a sake ninkawa, a bar muƙamuƙi a sake, kada a riƙe numfashi. Inda haƙora suka dantse, kafaɗa ba ta karkaɗuwa.

Aji yana ba da kayan aiki, amma yadda ake amfani da su sai a fili. Lokacin da nake can, wuri biyu kowa ke nuna wa baƙo. Ranar Asabar da yamma akwai rumba a farfajiyar Ƙungiyar Raye-rayen Gargajiya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1962, a unguwar Bedado. Ranar Lahadi daga tsakar rana kuma sai Lungun Hamel, wanda mai zane Salvador González ya fara ƙawata bangayensa a 1990. Lungun matsattse ne, rana tana dukan kai, 'yan yawon buɗe ido sun yi yawa, masu neman na goro ma haka, kuma ana cakuɗa rumba da raye-rayen addinin da ya samo asali daga ƙasar Yarabawa. Don koyo na fi son farfajiyar Bedado, inda akwai sarari ka zauna ka ga ƙafafun mutane.

A nan ne mutum ke gane cewa ba a shiga rawa da an fara kiɗa. Kilabe ke buɗewa, ganguna su biyo: babbar da ke riƙe ƙasa, ta tsakiya da ke amsa mata, da ƙaramar mai zaƙin murya, kinto, wadda ba ta da tsayayyen bugu sai abin da makaɗinta ya ga dama. Gefe kuma wani yana kaɗa sanduna a kan guntun gora. Mawaƙi ya fara da jan murya ba kalmomi, ya shiga baitocinsa, kowa yana saurare. Sai ya jefa amshi jama'a sun karɓa, sannan fili ya buɗe. Wanda ya faɗa tsakiya tun mawaƙi yana baiti ya yi masa katsalandan.

Gwagwanko rawar namiji da mace ce, kuma wasan shammata ne. Namiji yana zagaye yana neman lokacin da hankalinta ya ɗauke ya kai mata hari, wanda suke kira bakunawo: zabura guda ta ƙugu zuwa wajenta, ko ya yi ta da hankici, ko gwiwa, ko ƙafa. Ita kuma ta kare, ta haɗe bakin siket a gabanta, ko ta rufe da tafin hannu, ta juya masa gefe. Jiki ba ya taɓa jiki. Masana suna danganta wannan da rawar yuka ta bayin da aka kwaso daga yankin Kwango. Rawa ce da ba ta da kunya, gaskiya, kuma wanda hakan bai kwanta masa ba yana iya tsayawa a yambu da kolumbiya bai yi asarar komai na sarrafa jiki ba.

Ta fuskar aiki dai, harin daga gwiwa yake fitowa. Namiji ya nutse, ya ja ƙugu baya kaɗan, ya sake shi gaba da ƙarfin mara a bugu guda, ya koma tsayuwarsa nan take. Kuskuren da na fi gani shi ne yawaitawa. Mai kai hari kowane zagaye ba ya shammatar kowa, macen tana karewa tana hira da ƙawarta. Gwanaye sukan yi zagaye da yawa suna wasa da hankici, suna kallon wani wuri, sai can su sake shi daidai da tsawar kinto. Ita macen aikinta ya fi wuya: ta riƙe siket da hannu biyu tana buɗewa tana rufewa tare da taku, ƙugu yana zana lamba 8 a kwance, ido kuma ba ya barin ƙirjin namijin, domin nan shirin harin ke fara bayyana. Wannan lamba 8 ba murɗa ƙugu ake yi da gangan ba. Sauyin nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa a kan sassautacciyar gwiwa ne ke haifar da ita. Wadda ta ƙirƙire ta da ƙarfi takan rasa lokaci, ƙasan bayanta kuma ya gaji.

Daga Habana zuwa Matansas wajen kilomita 100 ne ta gabas, a kan titin da ke bin gaɓar teku, tafiyar kamar awa biyu a motar haya. Ana haye gadar Bakunayagwa, wadda ta fi kowace tsayi a ƙasar, sama da mita 100 daga ƙasan kwari. Garin yana bakin wani babban lungun teku, kogunan Yumuri da San Huwan sun ratsa shi. Ta wannan tasha aka riƙa fitar da sukari, kuma a tsohuwar ganuwar San Seberino yanzu akwai gidan tarihin cinikin bayi. Unguwannin La Marina da Simson su ne gidan rumba a nan. A La Marina aka kafa ƙungiyar makaɗan rumba ta Los Muñequitos de Matanzas a 1952, sai kuma aka kafa Afrocuba de Matanzas a garin a 1957.

A Matansas na ga yambu yadda ya kamata. Ita ce mafi sanyi a cikin ukun, kuma sau da yawa a kan akwatunan katako ake kaɗa ta, gadon zamanin da 'yan dako ke buga akwatunan busasshen kifi da na kyandir. Masu rawa suna kwaikwayon tafiyar tsofaffi, a ranƙwafe, taku gajere, namiji wani lokaci da hannu a kwankwaso. Ba a kai hari a cikinta, mawaƙa ma sukan tuna wa mutane haka a tsakiyar waƙa. Macen ce tauraruwa, namiji rakiya yake yi.

A ganina da yambu ya kamata kowa ya fara, ko da yake ta fi wuya. Sauri yana ɓoye aibu, sanyi yana tona shi. Tsakanin 1 da 3 akwai lokaci mai tsawo, kuma dole motsi ya cika shi duka: nauyi ya zuba a hankali daga ƙafa zuwa ƙafa, ya isa daidai kan bugu. Sabon ɗalibi yakan isa da wuri ya tsaya yana jira, rawar ta zama guntu-guntu. Wani dattijon malami a can yana sa ɗalibai su ja tafin ƙafa a ƙasa maimakon ɗaga shi, yana ce musu: “'Ya'yana, kada ku bar ƙasa ta san kun tashi.” Jan ƙafar yana tilasta wa gwiwar da ke tsaye ta riƙe nauyi har ƙarshe.

Kolumbiya daga ƙauyukan rake na lardin Matansas ta fito, wajajen Uniyon de Reyes, inda har yau ake ambaton shahararren ɗan rawa José Rosario Oviedo, wanda aka fi sani da Malanga. Mutum ɗaya ke shiga fili, a al'ada namiji, ko da yake yanzu mata ma suna yi. Kiɗanta daban ne: bugu huɗu manya, kowanne an raba shi uku, ƙararrawa tana buga bakwai cikin goma sha biyun. Wanda ya saba da gwagwanko yakan ci gaba da raba bugu biyu, ƙafarsa ta riƙa saɓawa da ganga. Kafin a koyi ko taku ɗaya, sai an yi ta tafiya a wuri guda a kan huɗun nan, baki yana ƙirga uku-uku.

A nan gangar jiki tana miƙewa, ƙirji a buɗe, haɓa a ɗage, nauyi ya koma kan gaban ƙafa don saurin taku, amma gwiwa tana nan a sassauce. Mai rawa ya nemi fili, ya gaida ganguna, sannan ya shiga ja-in-ja da mai kinto: ya yi taku, makaɗi ya maimaita shi a fata, makaɗi ya jefa salo, shi kuma ya amsa da ƙafa ko kafaɗa. Abin da ya fi burge jama'a shi ne tsayawa cak a kan bugu, jiki ba ya ko rawa. Hakan yana buƙatar mara a ɗaure da nauyi a kan ƙafa ɗaya tabbatacciya. Matasa masu ƙarfi sukan zazzage duk abin da suka iya ba tsayawa, makaɗi ya rasa inda zai sa baki. Tsofaffin gwanaye sukan ɗora kofin ruwa a ka, wasu su yi wasa da wuƙaƙe, duk don nuna cewa ƙafa na gudu sama na zaune lafiya. A cikin salon akwai motsin da aka aro daga dodannin ƙungiyar asiri ta maza mai suna Abakuwa, wadda aka kafa a Regla, tsallaken tashar Habana, a 1836, kuma asalinta ƙungiyar Ekpe ce ta yankin Kalaba. Ɗan Nijeriya da ya taɓa ganin dodannin Kuros Riba zai ga alamar dangantaka a yadda ake karkaɗa jiki da nuni da sanda.

Mai shirin zuwa ya san cewa yawancin azuzuwan a kan tayil ko siminti ake yi, ƙasa marar sassauci. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda ba ya kama daɓe, shi ya fi. Mai roba mai kauri yana riƙe ƙafa lokacin juyi, gwiwa ta murɗe. Daga Nuwamba zuwa Afrilu zafi da damshi sun fi sauƙi. Wuta tana ɗaukewa, fanka ta tsaya, don haka darasin safe ya fi na rana, a tafi da ruwa lita ɗaya da rabi aƙalla, da rigar canji. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu a yini sun isa ga mai farawa. A nemi aji mai makaɗa na gaske ko da ya fi tsada, domin na'ura ba ta rage sauri don kai, ba ta kuma amsa takunka. Zafin cinya da sharaɓa a makon farko ba abin damuwa ba ne. Suka a cikin gwiwa ko a ƙasan baya kuwa alama ce tsayuwar ta karkace, sai a dakata da taku a koma jikin bango a sake gwadawa.